Katin Mutum Ukku

Zuwa ga ƙanena Umaru a Ikko,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya jikin Hajo? Mu nan Kebbe sai godiya, ban da tsadar gero. Malam Isa tela ke rubuta min, na hana shi gyara ko kalma.

Masu agaji sun zo suna rubuta gidaje. Wata 'yar boko ta tambaye ni baki nawa nika ciyarwa. Ka san ba mu ƙidaya ɗiya gaban baƙo, kuma tun zamanin jangali wanda duk ya ƙidaya ka, karɓa zai yi. Na ce ukku, ta rubuta a katin rabo. Mai unguwa ya ce, "Baba Sanda, faɗi gaskiya." Na ce, "Kai ka haife su?"

Ranar rabo anka ba ni masarar mutum ukku, mu sha fuɗu. Bawa maƙwabcina, daga shi sai matarsa da akuya, ya kwashi buhu guda.

Na koma a gyara. Sunka ce masu aiko kuɗi daga waje sun rage, ba a ƙara suna. Ban yarda ba. Motarsu sabuwa ce, mai unguwa kuma ya yi ƙiba.

Kai da ke jin Turanci, bincika min ko gaskiya ne, don rumbu ba ya kai mu kaka. An ce za su dawo bayan Sallah. Wannan karon ashirin zan ce, har da ku.

Ka sa mu a addu'a. Gaida Hajo da yara. Ban tambaye ka ko su nawa ne ba.

Yayanka,
Sanda