Abin da Ka Ɗinke a Cikin Layarka

Hindawiyya, Jidda, ranar Lahadi bayan azahar.

Zuwa ga Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Ni ne Iro. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, babu mai kai ta inda kake. Amma shekara talatin ina neman bakin da zan yi maka wannan magana ban samu ba, sai yanzu da ba ka da ikon ɗaga mini hannu ka ce in bar ta. Gobe da hantsi ana jira na a ofishin jakadancin ƙasarmu.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Wata takwas ke nan da rasuwarka. Matarka Lami ta fita takaba lafiya, sai dai ƙafar nan da ke damunta in an yi zafi. An ja famfo har bakin lungunmu, mai jakin ruwa ya daina zuwa. Kai da kake cewa ba za ka ga ranar ba, ashe gaskiya ka faɗa. Abokan dakonka na mina, tashar jiragen ruwa, in an sauke kaya mai nauyi daga jirgi, har yanzu sai wani ya ce ina Garba. Gammonka yana nan rataye a bayan ƙofa, Lami ta hana kowa ya taɓa. Ni kuma ina nan ina gadin sito kamar kullum, kafilina, Balaraben da ya tsaya mini, yana ta yabona a gaban baƙi, wai tsohon soja ne mai takardar kirki.

Sai 'yarka Dije. Wallahi Yaya, yarinyar nan kai ce sak, in ta kafe a kan abu ko raƙumi ba ya janye ta. Ita ce dalilin wannan wasiƙa.

Ka san ni na yi maka wanka. Wa zai yi in ba ni ba? Da na tuɓe maka riga na juya ka, sai da na dafa bango. Shekara ashirin da wani abu kana dako a mina cikin zafin Jidda, kowa tsirara daga ƙugu zuwa sama, kai kaɗai da riga, har suna tsokanarka wai amarya. Ko a harami sai ka ja mayafin ka rufe bayanka. Ranar na ga abin da kake rufewa. Tabon bulala, layi a kan layi, ya yi fari ya kumbura. Na san adadinsu ba sai na ƙirga ba, don ina tsaye a sahu aka yi maka su. Mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani, haka aka koya mana. Na riƙe wannan hukunci da hannu biyu, ba don tsoron Allah kaɗai ba. Ka san dalili.

Sannan layar nan ta damtsenka, mai jar fata, wadda ko wanka ba ka cirewa. Duk mun ɗauka laya ce. Ni kaina na ɗauka ta tsarin ƙarfe ce da ka samo kafin mu tafi yaƙi. Na kwance ta na miƙa wa Lami, ita kuma ta ajiye a akwati. Bayan sadakar arba'in Dije ta ɗauko. Ka san 'ya'yan nan da aka haifa a nan, sun yi makaranta, ba su yarda da laya ba. Ta ce za ta farke ta ciro ayoyin ta ƙona yadda ya kamata. Ta sa reza. Babu aya ko ɗaya a ciki, Yaya. Takardarka ce ta barin soja, an ninke ta ƙanana, da jan hatimi a kai.

Me ya sa ba ka ƙona ta ba? Me ya sa ba ka jefa ta a teku ba ranar da muka hayo daga Sawakin? Ka ɗinke abin kunyar da ba naka ba, ka ɗaura a jikinka, kana ci kana sha da shi a gabana, ni kuma ina kallon sa kullum ina cewa laya ce.

Ta kai wa wani akawu mai jin Turanci ya karanta mata. Kora ce ta wulaƙanci, saboda yar da kayan soja a gaban abokan gaba. Ta dawo ido jawur. A ranar ta gane abin da ya sa duk lokacin aikin hajji, in tsofaffin sojoji suka zo daga gida da lambobinsu a aljihu suna neman 'yan yaƙin Bama, kai sai ka ce kana da aiki a mina. Ta gane abin da ya sa ka ƙare a dako ni na samu gadi. Ta rantse ubanta ba matsoraci ba ne. Mutumin da ya shiga ƙarƙashin buhunan da suka rufto ya jawo mutum biyu, ta ce ba shi zai yar da kaya ya gudu ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sa aka rubuta koke, aka aika gida ta ofishin jakadanci. Na ce mata ta bari, Turawan da suka yi hukuncin sun tafi, takardun ma gara ta cinye. Na faɗa da murya irin ta manya, har da jawo mata karin magana. Ta ce halas, magana ta ƙare, ta riga ta aika. Na kwantar da raina cewa babu mai amsawa. Sai ga amsa makon jiya. Wai akwai kwamiti da ke duba tsofaffin hukunce-hukunce, kuma in aka samu wanda yake wurin ya rantse a gaban jakada, za a iya soke korar a mayar da ita sallama ta mutunci, a rubuta sunanka cikin waɗanda suka yi yaƙin. Har sun aiko da kwafin tsohuwar shari'ar a rufe, gobe za a buɗe.

Da gudu ta zo mini, Yaya, mayafi na zamewa. Tana dariya tana kuka, tana haɗa Hausa da Larabci, wai Allah ya bar mata Amminta da rai don wannan rana. Ni take nufi, haka suke kiran baffa da Larabci. Ni ne shaidar da za ta wanke ubanta. Ba ta san cewa a cikin ambulan ɗin nan akwai sunana da lambata da dangwalen babban yatsana ba.

To bari in faɗa, ko sau ɗaya, yadda abin ya faru, tunda ni da kai ba mu taɓa faɗa ba. Mu 'yan ɗaukar kaya ne, kowa da nasa an rubuta da sunansa. Ranar da za mu haye kogin nan na Bama wuyana ya sage, nawa kuma akwatin harsashi ne. Ka dube ni ka sauke naka, akwatin magani, ka ɗora mini, ka ɗauki nawa. Ba ka gaya wa saje ba. Muna tsakiyar ruwa aka buɗe mana wuta daga cikin gora. Ban zame ba. Ruwa bai fi ƙarfina ba. Da hannuna biyu na ture akwatin daga kaina don in samu in nutse in tsira. Kai ka haye da nawa har tudu. Da yamma aka nemi magani don waɗanda aka harba, babu. Mutum biyu ba su kai gari ba. Aka duba littafi, akwatin magani na Garba ne.

Da aka tsayar da ni aka tambaye ni, na ce na ga ka yar. Ban ce ban sani ba, ban yi shiru ba. Na ce na gani, na dangwala. Ka juyo ka dube ni sau ɗaya, sannan ka mayar da ido ƙasa. Me ya hana ka buɗe baki? Mutum nawa suka ga mun yi musaya? Kalma ɗaya ta ishe ka.

Na san amsar, kuma ita ce ke ci na. Ranar da aka kwashe mu daga Ringim, Inna ta kama hannuna ta sa a naka a bakin tasha, ta ce maka ga amana, shi kaɗai gare ta. Ba uwarka ba ce, maƙwabciya ce kawai da ke ba ka ɗumame. Kai kuma ka ɗauki maganar tsohuwa ka yi mata riƙon da ba wanda ya sa ka. Ka sha bulala, ka sha ɗauri, ka koma gida ba kaki ba lamba. Da gari ya yi maka ƙunci ka ce za ka gabas da ƙafa, na biyo ka, ba ka ce in koma ba. A hanya da zazzaɓi ya kayar da ni kai ka goya ni. Wallahi akwai ranakun da na tsane ka saboda wannan haƙurin. Da ka mare ni sau ɗaya, da ka zage ni a gaban mutane, da na samu inda zan tsaya. Sai ka yi ta ce mini ƙanena, ka ba ni raɗin sunan 'yarka, ka zuba mini shayi. Kai ma ka san abin da kake yi mini, kada ka ce ba ka sani ba.

Akwai wata kuma, sabuwa. A bayan takardar akwai rubutun ajami da hannunka, irin naka na allo, gumi ya cinye rabinsa. Dije ta kasa karantawa ta kawo mini. Na karanta sarai. Ka ce duk wanda ya buɗe ya mayar ya rufe, amanar Inna ce, kada a tona. Ta tambaye ni me ka rubuta, na ce addu'a ce. Ka ga, ko kana cikin ƙasa ban daina ƙarya a kanka ba.

Yanzu dubi inda ka ajiye ni. Ka bar mini ƙofar gudu a buɗe, da hannunka. In na so, sai in nuna mata rubutun in ce wasiyya ce, ubanki ya ce a rufe, a janye koken kafin a buɗe ambulan. Za ta yi kuka ta bi, don ba ta taɓa tsallake maganarka ba. Akawun ofishin jakadancin ma, da na raɗa masa cewa na taɓa ba da shaida a shari'ar, ya nuna mini wata hanyar, wai in ce lokacin yaro ne ni, tsoro ya ruɗa ni, ruwa ne ya fizge kayan daga kanka. Ya ce da haka za a iya sassautawa. Sassautawa! Wato laifin yana nan a kanka, an dai rage masa gishiri. Kwana shida ina juya waɗannan biyun kamar mai gasa masara, kowacce na ɗauka sai ta ƙona ni.

In na faɗi gaskiya, na san abin da zai biyo. Tawa takardar za su karɓe, kafilina zai ji, zancen zai gama Hindawiyya kafin magariba. Masu kira na wankan gawa in an yi rasuwa za su nemi wani. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne fuskar Dije. Ban haihu ba, ka sani. Ita ce ke kawo mini abinci ranar Juma'a, ita ce ke faɗa in ban sha magani ba. Yaya zan yi in ta daina ce mini Ammi? Wa zai shigo ɗakin nan?

Amma jiya ta faɗi wani abu, ba da niyya ba. Ta ce a garin nan ba a sa wa kabari suna, mata kuma ba sa shiga maƙabarta, don haka ba ta da inda za ta je ta same ka. Ta ce abin da ya rage mata mai sunanka a duniya shi ne takardar nan, kuma ba ta iya kallon ta. Na tashi na shiga bayi don kada ta ga idona.

Yaya, tun daga Ringim ban taɓa ƙin maganarka ba, kuma ban taɓa bin ta don Allah ba, sai don ta yi mini daidai. Wannan karon ba zan bi ba. Inna ta rasu shekara goma sha tara ke nan, amanarta ta ƙare, ka sauke ta har da ƙari. Ba ka da hurumin ɗora wa 'yarka sauran. Ita ba ta yi wa Inna alkawari ba. Ka yi fushi in za ka yi, da ma fushin nake nema tun tuni.

Kuma ba zan bari ta ji daga bakin akawu ba. Na aika mata ta zo bayan la'asar, ita da Lami. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye takardarka da tawa gefe da gefe. Zan fara karanta mata abin da ka rubuta, daidai yadda yake, sannan in gaya mata wanda ka rufa wa asiri. In ta tashi ta fita, ba zan kira ta ba. Gobe ko ita ko ba ita, zan je in dangwala yatsan nan a karo na biyu. Tsoro nake ji, irin na ranar kogin nan, babu bambanci.

Ga kiran sallah nan an fara. Ba zan ce ka yafe mini ba, na san ka daɗe da yi, kuma shi ne kayan da ya fi mini nauyi. Allah ya jiƙanka, ya sa bayanka ya huta. Ka ɗauki nawa shekara talatin, ka sauke haka nan.

Sai mun haɗu, in an bar ni na iso inda kake.

Ni ne ƙanenka Iro, wanda ya yar da akwatin.