Katunan da Ƙwaro Ya Ci

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Tela maƙwabcina ke rubuta mini, in kin ga kuskure nasa ne.

Kantar da kika ɗora akwatunanki biyar ta karye, katunan ciki sun watse har ƙarƙashin gado. Shekara shida suna ɗakina, ba ki taɓa gaya mini ko na mene ne ba, tunda ban yi boko ba. Duk da haka na tsince su, na haɗa mai kama da mai kama: jan biro gefe, baƙi gefe, masu tafiyar kaza gefe. Ba godiya nake nema ba.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa, ya ƙafa? Baba, jerin nan shi ne aikin. Kalmomi ne na harsunan Sin da Tibet da Bama da maƙwabtansu. Na jera "ido", "wuta", "uku", harshe bayan harshe, don in gane waɗanda kakansu ɗaya da waɗanda aro suka yi. Kamanni bai isa ba, sai an ga canji iri ɗaya da suka gada tare. Saura wata biyu in miƙa aikin a jami'a, in ba haka ba a sallame ni. Don Allah kada ka ƙara taɓawa, ka ba direban motar haya ya kawo mini.

'Yarka.

'Yata,

Ƙafa da sauƙi. Kama da wane ba ta wane, wannan na sani tun kafin a yanke miki cibiya. Ban ba direba ba, kuma na taɓa.

Shekara arba'in ina kafinta. Katako biyu in daga itace ɗaya suke, a aibinsu ake ganewa. Ƙwaro ya huda katunanki tun suna jere, ramin yana ɗan karkacewa daga kati zuwa kati. Shi na bi da allura, kwana tara. Tela ya ce na zare, shi da ya ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Na ce ya rubuta har wannan.

Akwati uku sun koma yadda kika bar su. Huta lafiya.

Mahaifinki.

Baba,

Ka gafarce ni. Allah Ya ƙara girma. Sauran biyun fa?

'Yarka.

'Yata,

Sauran biyun ƙwaro bai ci ba, suna cikin buhu. Ko kati ɗaya ba zai bar gidan nan a hannun direba ba. Sai dai mai kaya ta zo ta zauna, tana karantawa da ƙarfi, ina miƙa mata.

Wassalam.