Randar Dada da Turaren Juma'a

Jekadafari, Litinin

Zuwa ga Bappa Bubayero,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya. Na rubuto ne don na san ba ka shiri da waya.

Ƙudan zuma sun tare a tsohuwar randar marigayiya Dada da ke bayan kicin. Jiya suka harbi ƙanwar mijina Jumma, wadda ta zo wankan jego, ga kuma suna ranar Lahadi. Maigidana Usaini ya sayo fiya-fiya, ya rantse idan suka kai Asabar zai feshe su.

Matsalar jikarka ce Ihsan. An ba ta wani littafi a makaranta, wai wata 'yar ƙudan zuma ce ke ba da labarin da bakinta. Tun da ta karanta shi ba ta cewa "ƙwari", sai "mutanen randa". Ta ƙi cin abinci, ta ce kisan kai za a yi a gidanmu. Raina ya ɓaci, amma wallahi ta ba ni tausayi. Kai ka san kiwonsu, ka zo ka ɗauke su.

'Yarka,
Su'ad

Gabukka, Talata

Su'ad,

Na amsa gaisuwa, Allah ya raya abin da aka samu. Ki ce wa Usaini ya ajiye maganinsa. Shekara talatin ina ɗora amya a kan bishiya, randa ɗaya ba za ta gagare ni ba. Zan zo Juma'a da yamma, lokacin da duk suka dawo gida. Hayaƙin busasshen kashin shanu, a ɗaure bakin randa da zani, a sa a mota, shi ke nan.

Ita kuma amaryata Ihsan, ta ci tuwonta. Wanda ya rubuta littafin nan, na tabbata a shago yake sayen zumarsa.

Ki gaida mai jego.
Bappanki

Jekadafari, Laraba

Tsoho angona,

Ina gaisuwa, ko da yake ka zagi littafina. Wadda ke ba da labarin, ita ce mai gadin ƙofar amyarsu. Ta ce su da hanci suke gane na gida da baƙo, ƙamshi mai ƙarfi yana tayar musu da hankali. Anti Jumma ta sha humra ranar da aka harbe ta. Ni kullum ina zama kusa da su, ko ɗaya ba ta taɓa ni ba.

Na san ka da Juma'a, tun daga bakin layi ake jin ƙamshinka. Don Allah kada ka zo da rigar masallaci. Idan suka harbe ka, Abba zai fesa, ba zai jira Asabar ba.

Taka,
Ihsan

Jekadafari, Asabar

Bappa,

Barka da asuba, ya idon? Ka yafe mini dariyar da na yi. Ka shigo da babbar riga kana ƙamshi kamar ango, Ihsan na ce maka "Tsoho, tsaya", kai kuma kana cewa "Matsa, yarinya." Ko hayaƙin ba ka hura ba suka same ka.

Ga abin da ba ka gani ba kana banɗaki. Usaini ya fito da fiya-fiya. Ihsan ta je ta zauna a gefen randar, ta naɗe hannu. Ya ce ta tashi. Ta ce, "Abba, duba ka gani, ni ba sa taɓa ni. Turarensa ne. A bar shi ya yi wanka." Ko ɗaya kuwa ba ta sauka a jikinta ba. Usaini ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da kwalbar ɗaki. Shi ya sa ka fito ka tarar da tsohuwar rigarsa a bakin ƙofa.

Sauran aikin kuwa, kowa ya shaida gwaninta, ko da ido ɗaya. Ihsan ta cinye kwano biyu. Tana tambaya ko mutanenta sun isa lafiya.

Allah ya ƙara sauƙi.
Su'ad

Gabukka, Lahadi

Ihsan,

Ina gaishe ki. Mutanenki suna gindin ɗorawa, tun safe suka fita aiki. Zumar fari taki ce.

Na san maganar turare tun ba a haifi uwarki ba. Ban taɓa ɗaukar amya ranar Juma'a ba ne, kuma ban karanta takardarki har ƙarshe ba, wannan laifina ne.

Ɗayan idon nawa ya buɗe. Ki aiko mini littafin.

Angonki,
Bubayero