Ɗinkin da ke Cikin Rigar Sanyina

Innata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Baba da su Auta. Ya ƙafar Baba? Allah Ya kawo sauƙi.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Aikin wanki a asibitin nan tsayuwa ce tun safe, ƙafafuna kan ɗan kumbura, amma na fara sabawa. Shirun ɗakina ne kawai ya yi yawa.

Inna, ki gafarce ni. Layar da kika karɓo wajen bokan bakin kasuwa, kika ɗinke min cikin rigar sanyi, injin wanki ya farke ta. Ba ita ce ya ce wanda ya ga cikinta zai haukace ba? To, na gani, hankalina yana nan. Guntun tsohon silifas ne aka naɗe a leda! Na yi ta dariya, sai kuma hawaye.

Na tambayi limaminmu. Ya ce dogaro da irin wannan abu ƙofar shirka ce: a yi addu'a, a nemi magani, waraka ta Allah ce. Don Allah a kwance ƙulle-ƙullen bokan nan daga ƙafar Baba, a kai shi asibiti.

Na jefar da layar, amma na kasa warware ɗinkinki. Idan kewa ta ishe ni, nakan bi zaren da yatsa, in tuno ki a bakin ƙofa kina laluben kafar allura. Ba tsari nake nema a jikinsa ba, hannunki nake nema.

Ki riƙa sa ni a addu'arki ta asuba. Wannan kam babu injin da zai farke ta.

'Yarki ta fari