Ɗanyen Gero Cikin Rumbu

Daren Talata, Oktoba 1958

Yau da sahe na iske 'yan aji ukku suna jidar gero daga gonar makaranta zuwa rumbu. Shekaranjiya sunka yanke shi, bai sha rana ba, ga raɓa har tana jiƙa musu fararen riguna. Wai darasin kaka suke yi. Wani ɗan birni daga unguwar Gawon Nama, wanda bai taɓa riƙa hauya ba, yana auna bakin rumbu da igiyar awo, sauran suna rubutawa.

Na matsa wurin malamin gona na ce, "Malam, a bar geron ga ya bushe. In anka rufe shi haka, ruɓewa za ya yi."

Ko dubana bai yi ba. Ya ce, "Bawa, aji nawa ka yi? Ɗauko muna tsani."

Yara sunka fashe da dariya. Na ɗauko tsani, na riƙe musu har sunka liƙe rumbun da laka, sunka yi ma kansu tafi.

Shekara goma sha biyar ina bin babana gona, amma ni lebura ne. Ranar da anka buɗe rumbun wari ya tashi, ni za a ce ban kula ba, a kore ni.

To, ba a ɓoye na yi maganata ba. Mamman mai gadi yana tsaye. Inna Hassi mai dahuwa ta ji, har ta riƙe baki. Garba direba ma yana nan.