Kalangun da Ba Shi da Fata

Baban Hanan,

Assalamu alaika. Na san takardar nan ba za ta isa hannunka ba, amma ƙafata ta gaji da zarya tsakanin ɗaki da falo.

Har yanzu unguwarmu Danau Kota a kulle take saboda korona. Ban ma san wanne ya tsare ni ba, takaba ko dokar. Kabarinka ban gani ba, sai hoton da abokin aikinka Dakta Azman ya turo. Izinin zamanmu da sunanka yake, an ce mu fara shirin komawa Kano.

Kalangunka na nan kan teburin cin abinci, wayoyinsa a waje. Shekara nawa kana ƙona yatsu da dalma a kansa? Ka ce danshin ƙasar nan yana kashe fata, gara ka ƙera wanda in an matse shi a hammata, lantarki ne zai ɗaga murya. Na yi ta mitar ƙara, amma ban taɓa gaya maka ba, nakan rage wutar girki don in saurara.

Dakta Azman yana so ɗalibanku su ƙarasa shi. Wanka Yaya Sani kuma ya ce kada in kwaso musu kayan kiɗa gida, gorin 'ya'yan makaɗa da kuka sha ya isa. Sau nawa na sa shi a akwati na fitar?

Shekaranjiya Baba, mahaifinka, ya sa aka kira ni a waya daga gida, wai yana son jin abin. Hanan ce ta jona shi, ta buga taken mahauta da ka koya mata, yarinyar da ko amsa min da Hausa ba ta yi. Baba ya saurara har ta gama. Can ya ce muryar sama ta yi kaifi, a gaya maka ka sassauta. Sannan ya tuna babu kai.

Na roƙi Dakta Azman su riƙa kiran tsohon, suna gyara yana saurare. Ya yarda. Baba ya ce ba zai sallame su ba sai ranar da kalangun ya kira sunanka daidai.

Sun samu izinin shigowa, gobe za su zo ɗauka. Na yi daidai kuwa? Wa zan tambaya?

Allah ya haskaka makwancinka, ya sada mu.

Taka,
Maman Hanan