Gonar da Shanu Suka Daina Lasa

Zuwa ga Shugaban Sashen Ayyuka na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya aiki, ya iyali? Cikin murna nake rubuto maka, amma kada ka saki jiki, akwai ƙorafi a gaba.

Ni manomin rani ne a gefen Tiga. Gonata ita aka ba mahaifina lokacin da dam ya cinye garinmu, ba mu da wata. Shekarun baya ma'aikatanka suka gyara mana hanyar kasuwa. Mun gode. Sai dai sun cike magudanar da ke fitar da ragowar ruwan da muke ba shuka. Ruwa ya kwanta, rana ta shanye shi, ƙasa ta yi fari fat da kanwa, albasa tana tsirowa tana ƙonewa.

Mu kuma da muka tashi mun ga toka ce maganin ƙasar da ta gaji, sai muka yi ta kwaso ta daga murhu muna zubawa. Ashe ƙara wa Barno dawaki muke yi! Uwargidana Hajara ce ta tuna mini cewa in kanwa ta yanke mata, ruwan toka take sa wa miya. Wato ita ma tokar kanwa ce. Shanun aminina Ardo Buba kuwa suka mai da gonar wurin lasa, har ya laƙaba mini Sarkin Kanwa.

Bana muka yi gayya. Muka haƙa sabon ramin magudana, muka wanke ƙasar da ruwa, ya bi ramin ya fice, muka zuba buntun shinkafa da kashin shanu. Ranka ya daɗe, albasa ta yi! Wallahi ranar da na tuge ta farko sai da na yi ƙwalla.

To ga kukana. Na ɗaya, ramin namu ya ratsa hanyarku, itace kawai muka gitta a kai, ruwan farko zai rufta da shi, kanwa ta dawo. A sa mana kwalbati kafin damina. Na biyu, in za a sake gyaran hanya, a tambayi masu gona inda ruwa ke bi.

Jiya shanun Ardo suka biyo, suka sansana ƙasar, suka wuce abinsu. Don Allah kada ka bari a mayar mini da sarautar nan.

Allah Ya ƙara girma, Ya sa ka gama lafiya. Wassalam.

Naka,
Sale mai albasa, tsohon Sarkin Kanwa